Baƙin Salatif a Rimot ɗin Abednego

Idan ka shiga Karmo, nan Abuja, ka tambayi shagon Abednego kafinta, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce kurman nan mai yin gado, ko mai shayin bakin titi zai miƙa hannu ya nuna maka kwanar. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Mutum da sunansa, sunan ma daga cikin Littafi Mai Tsarki, amma sai an taɓo kunnensa kafin a gane shi. Yayana ne, ciki ɗaya. Ni ce Kindness, ko da yake waɗanda suka san bakina suna cewa Mama ta yi gaggawa wajen raɗa sunan.

Abed ba da kurumta aka haife shi ba. Yana shekara bakwai, muna zaune a Kafanchan, sanƙarau ya kwantar da shi. Bayan sati uku ya tashi, kowa yana godiya ga Allah. Ranar da aka sallamo shi Mama ta kira shi daga bakin ƙofa, bai juyo ba. Ta sake kira. Sai ta ɗauki farantin ƙarfe ta sake shi a ƙasa a bayansa. Ni da nake shekara huɗu na fashe da kuka don tsoro, shi kuwa yana ta cin ƙosansa.

Da farko yana magana, don bai manta kalmomi ba. Sai dai muryar ta daina yi masa biyayya, tana fita da ƙarfi inda bai kamata ba, 'yan unguwa suna kwaikwayonsa. A hankali ya rufe bakinsa. An kai shi makarantar kurame, ya koyo karatu da rubutu da maganar hannu, ya dawo ya koya mini. Da hannu muke hira har yau, da hannu muke faɗa, kuma ina tabbatar muku zagi da hannu ya fi zafi.

Abed yana shekara goma, Baba, wanda ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya shigo da wata tsohuwar na'urar gem da abokin aikinsa ya bar masa. Kaset ɗaya ne tak a cikin ledar. Sunan wasan na Turanci ba zan rubuta shi ba, don ba ni da niyyar yi musu talla ko da harafi ɗaya. Mu a gida Ɗan Akuya muke ce masa. Wani ɗan akuya ne fari, da 'yar ƙararrawa a wuya, da yake gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake rami, yana hawa duwatsu, yana neman hanyar komawa garkensu. Shi ke nan labarin. Babu rubutu, babu surutu, ka yi tsalle a kan lokaci ko ka faɗa.

Ranar da aka fara kunna shi, wani sauti ya fito daga talabijin, na yi dariya. Abed ya juyo ya tambaye ni me ya faru. Na rasa yadda zan nuna masa da hannu. Mama tana zaune tana gyaran wake, ta ga fuskarsa. Ta tashi, ta murɗa maɓallin murya har sautin ya ɗauke, ta ɗauko baƙin salatif ɗin Baba na naɗe waya, ta manne maɓallin.

Ta ce, "In dai wannan wasan ne, abin da Abed bai ji ba, babu wanda zai ji shi a gidan nan."

Baba ya ce to labarai fa? Ta ce ga rediyonsa can.

Daga ranar dokar ta zauna. Kuma abin da ya biyo baya babu wanda ya zata. Abed ya zama gwani irin wanda ban taɓa gani ba. Yana ganin abin da mu ba ma gani. Zai ce ki duba, ciyawar nan tana rawa kafin ƙaya ta fito. Zai ce dutsen da zai rufta launinsa ya ɗan fi na sauran duhu. Masu yin wasan sun zuba alamu ko'ina, shi kuma kamar don shi aka ajiye su. Ya fara zana taswirar kowane mataki a littafin makaranta, rami da rami, da ƙofofin ɓoye, da inda ake samun ƙarin rai. Ya taɓa ce mini, "Mutanen nan sun san da ni." Da gaske yake, ba wasa ba. Ya yarda cewa a wata ƙasa mai nisa akwai wasu mutane da suke zama su yi tunanin wanda ido kaɗai ne da shi.

Baba ya rasu, muka tattaro muka dawo Abuja wurin dangin Mama. Abed ya koyi kafinta, ya buɗe ɗan shagonsa a gaban gidan da muke haya, ni kuma na samu aiki a shagon kwamfuta inda muke buga wa mutane takardu. Duk shekarun nan Ɗan Akuya bai tsaya ba. Na biyu ya fito, na uku, har na takwas. Na'ura ta canja sau nawa, kaset ya koma faifai, talabijin muka yi huɗu. Duk wadda ta shigo gidan, kafin a jona ta da wuta sai an manna mata baƙin salatif. Da aka zo zamanin rimot, sai salatif ɗin ya koma kan rimot. Na ƙarshen nan Mama ce ta naɗa shi da hannunta, wata biyar kafin ta rasu. Littattafan taswira kuwa sun kai goma sha ɗaya, suna jere a kan wata kanta da ya yi musu ta katakon maɗaci, a ƙarƙashin hoton Mama.

Ku fahimci yadda rayuwarsa take a waje, don ku gane abin da nake nufi da Asabar. A kasuwar katako ana yi masa ihu a fuska, kamar ihun zai buɗe kunnen. Wani zai zo sayen kujera ya tsallake shi ya tambayi ina mai shagon. An taɓa yi masa kiranye a coci aka fito da shi gaba ana ta addu'a ana murza masa kunne, ya tsaya yana murmushi don kada ya kunyata mai wa'azin. Duk ya shanye. Amma ranar Asabar, daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa faɗuwar rana, ɗakinsa wata ƙasa ce daban, kuma shi ne mai ita.

Mutum shida zuwa takwas suke taruwa, amma biyu ne ba sa fashi. Akwai Lukmanu, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, mai digiri biyu da tabarau. Gado ya zo a yi masa shekara tara da suka wuce, ya ga littafin taswira a kan benci, ya buɗe, har aka kira sallar la'asar bai rufe ba. Sai Thaddeus mai keke-napep, mutumin kirki mai saurin hannu a komai ban da gem. Shekara shida yana zuwa, bai taɓa wuce mataki na uku ba a kowane Ɗan Akuya. A ɗakin nan babu sauti. Duk sun koyi 'yar maganar hannu, yatsu biyu suna tsalle a tafin hannu, wato wasan, dunƙulen hannu a ƙirji, wato na mutu. In mutum ya maƙale, sai ya juyo ya ɗaga gira, Abed ya buɗe littafi ya ɗora yatsa a kan wurin. Oga Abed suke ce masa, har Lukmanu. Wannan awa biyu da rabi ita ce abin da yake da shi. Ba mata, ba mota, ba fili a ƙauye, ita ce.

Bayan na takwas aka yi shekara shida shiru. Abed har ya fara cewa wataƙila mutanen sun tsufa. Sai wata rana ina wurin aiki ina duba waya, na ga ɗan akuyan nan ya faɗo mini a talla. To ga inda na yi wautar da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Shekara ashirin da shida hannuna ya saba, da na ga farin ɗan akuyan nan, yatsana da kansa yake zuwa ya kashe murya. Haka na kalli tallar sau uku shiru. Na ga yana gudu, na ga yana tsalle, na ga fitilu masu launi. Na ce sun dawo.

Ranar haihuwarsa ta kusa, zai cika talatin da shida. Na ɓoye masa, na tafi wani shagon gem a Wuse. Mai shagon ya miƙo faifan yana ɗan jan baki.

"Madam, wannan ba na tara ba ne fa. Wani ɗan reshe ne suka yi, daban yake da sauran. Wa za ki saya ma?"

Na ce, "Malam, ka san da wa kake magana? Tun kana tsumma ake buga wasan nan a gidanmu. Sa mini a leda."

Ya sa mini a leda. Ni da karatu ne sana'ata, ni da nake gyara wa masu digiri kuskure a takardar neman aiki, ban juya kwalin na karanta bayansa ba.

Asabar ɗin na dafa gwate irin na Mama, na yi zoɓo, na gayyaci har waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Mutum goma sha ɗaya a ɗakin. Da na miƙa wa Abed kyautar ya buɗe, sai da ya zauna a bakin gado. Ya shafa hoton ɗan akuyan da babban yatsa. Ya tashi ya canja riga, ya sa farar shaddarsa ta zuwa coci. Ya ɗauko sabon littafi, ya rubuta goma sha biyu a bangon, ya feƙe fensir da wuƙar aikinsa. Sannan ya karɓi fad, wato abin da ake riƙewa a danna.

Tun daga farko na ji wani iri. An sa wa ɗan akuyan baƙin tabarau da 'yar jaket mai ƙyalli, kamar mai zuwa gidan rawa. Babu duwatsu, babu ciyawa, babu garke. Hanya ce miƙaƙƙiya a cikin duhu, fitilu suna ta walƙiya ba kai ba gindi. Kuma da kansa yake gudu. Abed ya danna hagu, bai juya ba. Ya danna dama, ba abin da ya canja. Maɓalli ɗaya ne kawai yake aiki, na tsalle. Yana cikin gudu a hanya lafiyayya, sai ƙasa ta buɗe ya faɗa. Babu tsaga, babu inuwa, babu wata alama.

Abed ya yi murmushi, ya ce da hannu ɗaya, "Sun ƙara wayo." Ya matso kusa da talabijin. Ya sake faɗawa a wurin. Ya sake. Na ga idonsa yana yawo a kowace kusurwa yana neman abin da suka ajiye masa. Sau goma sha huɗu na ƙirga, ko rabin matakin farko bai kai ba. Gumi ya jiƙa bayan shaddar. Mutanen da suka saba ganinsa yana gama mataki da rai ɗaya suka fara kallon ƙasa.

Lukmanu ne ya ɗauki kwalin ya juya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya yafito ni muka fita baranda.

"Kindness, kin karanta bayan nan kuwa?"

"Me aka rubuta?"

"Wasan kiɗa ne. Ana buga ganga, kina tsalle daidai da bugun. Shi ya sa babu alama a hanya, da gangan suka cire. Ga shi har alfahari suke yi, wai rufe idonka, kunnenka zai kai ka gida."

Na karɓa na karanta da idona. Kafin in buɗe baki, sai muka ji wani kiɗa ya ɓarke daga cikin ɗaki, ganga da algaita da wani abu mai zaƙi, da ƙarfi har ƙofa tana rawa.

Thaddeus ne. Shi ma ya zargi wani abu, ya ɗauki rimot ya danna ta kan salatif ɗin. Dama salatif ba kwaɗo ba ne, kowace rana ana iya danna shi, kunya ce kawai take riƙe da shi duk shekarun nan. Da muka shigo, ya riga ya karɓi fad daga hannun Abed yana cewa, "Oga, abeg, bari in gwada ɗaya kawai." Kansa yana kaɗawa, yatsansa yana bin gangar. Ɗan akuya ya tsallake ramin farko, na biyu, na goma. Thaddeus da bai taɓa wuce mataki na uku ba a rayuwarsa ya gama matakin ba tare da ya faɗi ko sau ɗaya ba. Ɗakin ya ɗauki ihu. Har ni bakina ya buɗe. Sai ihun ya mutu a tsakiya, don kowa ya tuna.

Abed yana tsaye yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin talabijin, ya ji tana kyarma. Ya daɗe a haka. Sannan ya karɓi rimot daga hannun Thaddeus, ya danna har layukan murya suka ƙare, ya shafa salatif ɗin ya daidaita gefensa da ya ɗaga. Ya juyo ya ce, "Ku ci abinci, zai huce."

Kada ku ɗauka ya haƙura. Abed ba ya barin katako don ya yi gardama. Sati guda cur, da ya rufe shago sai ya zauna da agogo da sabon littafinsa. Tunda babu abin gani, sai ya ƙirga. Daƙiƙa huɗu tsalle, daƙiƙa biyu tsalle, ɗaya da rabi tsalle biyu. Ya cika shafi bakwai da lambobi. Ranar Alhamis ya kai kusan ƙarshen matakin farko, ya zo ya buga mini ƙofa yana dariya. Ranar Juma'a ya kunna, ya faɗa a ramin farko. Ashe duk bayan 'yan kwanaki wasan yana canja kiɗan, ramukan su bi sabon bugun. Wannan ma an rubuta a kwalin, a matsayin abin burgewa. Allah ya isa tsakanina da wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya kawo wannan shawara, aka tafa masa.

Sai ya ce in buga masa wasiƙa zuwa kamfanin. Ya rubuta da fensir, na kai wurin aiki na juya ta Turanci mai kyau. Ga abin da ya ce:

"Ni ne Abednego, kafinta a Karmo, Abuja. Ba na ji. Na gama wasanninku takwas duka. A na biyar na gano ƙofar da kuka ɓoye a bayan ruwa, na san kun yi farin ciki da wani ya gano ta. Shekara ashirin da shida kuna magana da idona. A wannan sabon kun kashe fitila. Ko alama ɗaya ku sa, ƙarama, ni zan gan ta. Me na yi muku?"

Ina bugawa ina share hawaye, har mai shagonmu ta tambaya ko rasuwa aka yi. Na tura. Cikin minti biyu amsa ta dawo, ka san ba mutum ne ya karanta ba. Sun gode da ƙaunar da yake yi wa ɗan akuyansu. In yana samun matsala da wasan, ya tabbata muryar talabijin ɗinsa a kunne take.

Na yi niyyar ɓoyewa, amma Abed ya san fuskata. Ya karɓi wayar ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. Sai ya yi dariya da murya, irin muryar nan da ya daina fitarwa tun yana yaro, mai ƙarfi, mai karkata. Maƙwabciyarmu har ta leƙo. Ya miƙo mini wayar ya koma shago.

Asabar ta gaba mutum biyar suka zo. Aka sa na shida, tsohon da kowa yake so, shiru kamar kullum. Amma shirun ba irin na da ba ne. Thaddeus yana jiran layinsa, bai ma san yana yi ba, ya tsuke baki yana fito, kiɗan sabon wasan ne. Lukmanu ya zungure shi. Ya daina, bayan minti biyar gwiwar Lukmanu da kansa ta fara bin bugun. Na harare su duka kamar in cinye su. Da suka fita na bi su har bakin titi na wanke su tas. Thaddeus ya ce, "Anti, wallahi ba da gangan ba ne, waƙar ne ya shiga kaina, ya ƙi fita." Na ce masa to ya je a cire masa kan.

Ni mai wanke mutane. Ranar Talata aka ɗauke wuta a wurin aiki, janareto ya ƙi tashi, aka sallame mu da azahar. Na dawo gida, a unguwarmu kuwa akwai wuta. Abed ya tafi kai gado Gwarimpa. Na shiga ɗakinsa don in share. Faifan yana kan tebur. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, ni ma kiɗan nan yana kaina tun ranar, da shi nake wanka, da shi nake buga takardu. Na ce bari in ji sau ɗaya, don in san abin da nake zagi. Na ɗora yatsa a kan salatif ɗin Mama na danna.

Na buga mataki huɗu. Ban faɗi ba sai sau biyu. Ni da na girma ina bayan Abed a komai na wasan nan, ni ce yau hannuna yake tafiya da kansa. Kuma na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai. Da na gama na kashe murya, na daidaita salatif, na mayar da komai inda yake, na share ɗakin har ƙarƙashin gado. Da yamma ya dawo muka ci abinci kamar kullum.

Ranar Asabar ya aika wa kowa saƙo cewa a zo. Suka zo, mutum tara. Muka tarar ya ciro tsohuwar na'urar Baba daga akwati, wadda yake kula da ita kamar jaririya, ya jona ta, ya sa kaset ɗin farko. Da kowa ya zauna, ya ɗauki rimot ya ɗaga yadda duk za mu gani. Ya sa farce a gefen salatif ɗin ya fara ɓarewa. Ya tsufa, ya kama sosai, sai da ya yi a hankali. Na miƙe na riƙe masa hannu. Ya kalle ni kawai, na saki.

Ya danna murya yana kallon layukan suna hawa, har suka kai rabi. Ya ɗauki fad.

Ɗan akuya ya yi tsallen farko, sai ƙararrawar wuyansa ta yi ƙara. Kilin. Ya sake tsalle, kilin. A bayanta wani ɗan kiɗa ne siriri, mai daɗi, kamar na sarewar makiyaya. Nan take na tuna, shi ne abin da ya ba ni dariya ina shekara bakwai. Shekara ashirin da shida muna kallon ƙararrawar nan tana lilo a wuyansa, ban taɓa tunanin tana ƙara ba.

Abed bai kalli talabijin ba. Ya juya mata baya rabi, yatsunsa suna aiki da kansu, don matakin farko ya fi sanin sa fiye da hanyar shagonsa. Mu yake kallo. Kuma mun ba shi abin da yake nema, don fuska ba ta iya ɓoye irin wannan. Lukmanu yana murmushi kamar ƙaramin yaro. Thaddeus ya buɗe baki. Ni kuma ina kuka, amma kaina yana bin sarewar. Ya tsallake rami na ƙarshe bai duba ba, ya ajiye fad a cinyarsa.

Ya tambaye ni, "Da daɗi?"

Na so in ce a'a, in ce hayaniya ce kawai. Amma ban taɓa yi masa ƙarya da hannu ba. Na ce, "Da daɗi, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Ranar Talata na manta guduma na dawo. Na tsaya a ƙofa. Ƙafarki tana rawa."

Na fara ba shi haƙuri, hannayena suna karo da juna. Ya kama su ya sauke.

"Ba ke kika yi wasan ba. Ni na ɗauka mu duka abu ɗaya muke bugawa. Ashe rabi aka ba ni, ku kuma kuka ajiye naku rabin don ni. Ya isa haka. Ku ɗauka."

Ya sa mini fad a hannu. Ya ɗauki sabon faifan ya miƙa wa Thaddeus, wanda ya ƙi karɓa har sai da Abed ya cusa masa a aljihu. Lukmanu ya tashi yana ƙoƙarin haɗa magana da 'yan alamun da ya sani, ya nuna kanta, ya nuna littattafai, ya dunƙule hannu a ƙirji. Abed ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya je gaban hoton Mama, ya manna ɗan guntun salatif ɗin a gefen katakon hoton, ya danne shi da babban yatsa. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu kamar yadda yake yi in zai fara aiki, ya fita.

Muka zauna mu goma. A talabijin ɗan akuyan yana tsaye yana jira, lokaci lokaci ya girgiza kai, ƙararrawa ta yi ƙara. Na kashe muryar. Ba wanda ya ɗauki fad. Can sai muka fara jin guduma daga shago.

Yanzu Asabar ranar aiki ce a wurinsa, har faɗuwar rana. Ya ce odar gadaje ta yi yawa. Lukmanu yana zuwa ya zauna a benci ya riƙe masa katako. Thaddeus ya ce bai taɓa kunna faifan ba, na yarda da shi ko ban yarda ba, oho. Sau biyu ina sayen sabon salatif ina naɗe rimot ɗin, sau biyu ina tarar da shi an ɓare an jefa a kwandon shara. Na ji an ce na tara yana nan tafe, wai za su koma irin na da, da duwatsu da ciyawa. Na gaya masa. Ya ce Allah ya ba su kasuwa, ya ci gaba da goge ƙafar gado.

Littafi na goma sha biyu yana kan kanta da shafi bakwai na lambobi. Guntun salatif ɗin ma yana nan a jikin hoton Mama. Ni nake share ɗakin, in na zo goge hoton sai in kewaye wurin.